Tayar bayan kekena ta ƙi riƙe iska

Salamu alaikum masu gyaran keke, ku taimaka min. Da keke nake ɗauko kaya daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Mabera. In na buga wa tayar baya iska da safe, kafin azahar ta kwanta.

An yi faci, na sayi sabon tif, shi ma ya huje. Mai faci ya lalube cikin tayar, babu ƙaya babu ƙusa. Ya ce zafin Sakkwato ne, na rage iska, ba ta canza zani ba. Hujin kullum ta ɓangaren wili yake fitowa, dab da bawul, ƙarami kamar tsinin allura. Robar da ke rufe kan wayoyin wilin kuwa ta tsage a nan.

Canza robar zai wadatar, ko sai na sayi sabon wili?