Zanen yara ƙanana: a yaba, a tambaya, ko a yi shiru?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yaya, na kalli bidiyon 'yarka tana zane, na ji kana cewa, "Kai, ya yi kyau! Mene ne wannan, mota ce?" Kada ka ji haushi don Allah, amma ni a ajin nazare duka biyun ba na faɗa wa ɗan shekara 2 ko 3. Abin da idona ya gani nake faɗa: "Na ga kin ja shuɗin layi tun daga sama har ƙasa, nan kuma kin yi ta zagayawa." Sai in yi shiru in ba ta fili.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, mu da muka taso in ka zana bango da gawayi sai dai ka sha rankwashi. Na yi alkawarin nawa 'ya'yan za su ji yabo daga bakina. Yanzu kuma yabon ne laifi?

Auta: Ba laifi ba ne Yaya, sai dai kalmar ba ta nuna mata ka duba aikin ba. Gobe ta ja layi ɗaya ta kawo maka, haka za ka ce. Tambayar ma ta fi damuna. Yaro a wannan shekarun galibi ba wani abu ya yi niyyar zanawa ba, motsin hannunsa yake bi, yana mamakin wai shi ne ya bar wannan alama a takarda. Sai wajen shekara 3 yake iya rufe da'ira. Tsakanin 3 da 4 mutum ke fara fitowa: ƙaton kai, ƙafafu biyu manne da shi, babu gangar jiki. In ka riga ta cewa mota ce, za ta ce e don ta faranta maka, ta kuma soma ɗauka cewa zanen da bai yi kama da komai ba bai cika ba.

Goggo: Ni duk ban ga abin surutu a nan ba. Iyayenku sun gina shanu da laka, sun haɗa motar kara, mun yi 'yar tsana da ƙashi muna yi mata kitso, ba wani babba da ya tsaya a kanmu yana sharhi. Yaro na wasansa, a ƙyale shi. Yawan magana ma katse masa tunani yake.

Auta: Goggo, rabin maganarki nawa ne. In ya nutsa, ba na tanka masa. Amma ku a lokacinku tsakar gida cike take da yara, manyan suna koya wa ƙanana, baki ba ya hutawa. Yau yaro ɗaya ne a falo da talabijin. Lokacin zane shi ne inda yake jin "dogo", "siriri", "kauri", "a karkace", "ruwan ɗorawa", "ruwan toka" a kan abin da hannunsa ya yi yanzu-yanzu, shi ya sa kalmomin suke zama.

Kawu: Ku ba ni dama in sa baki. A ruwayar Abu Dawud, Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya, iska ta ɗage labule ya ga 'yan tsanar Nana A'isha (RA). Ya tambaye ta mene ne wannan, ta ce 'ya'yanta ne. Ya ga doki a tsakaninsu da fukafukai biyu na ƙyalle, ya sake tambaya, ya nuna mamakin doki da fukafukai. Ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. To 'yata, ga tambayar da kike hanawa.

Yaya Babba: Allah ya saka da alheri Kawu. Auta, sai ki amsa.

Auta: Amin. Kawu, ni hadisin ƙarfafa ni ya yi. Dubi yadda aka yi: ya tambaya, bai sa mata amsa a baki ba, bai kuma ce doki ba ya da fukafukai ta gyara ba. Ya bar ta ta kawo hujjarta. Sannan abin wasa ne mai siffa, akwai abin tambaya. Na yarda, in yaro ya kai ga siffa, a tambaye shi. In jagwalgwalo ne kuwa, "ba ni labarin wannan" ya fi, don ko bai nufi komai ba yana da abin faɗa. Game da yabo kuma, a 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a nazaren jami'ar Stanford ta Amurka. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo in sun yi zane, daga baya da aka bar su da kansu sai suka rage zanen sosai a kan waɗanda ba a yi wa alkawari ba.

Matar Yaya: Auta, tsaya. Wannan ai alkawarin lada ne tun kafin aiki, ba uba ba ne ya ga abin 'yarsa ya ji daɗi ya furta. Kada a haɗa su. Ni na ga fuskarta lokacin da babanta ya ce ya yi kyau, ba zan hana ta wannan ba.

Auta: Gaskiyarki Anti, ba ɗaya ba ne, kuma ba farin cikinsa nake so ya ɓoye ba. Ya ce ya yi kyau, amma ya ɗora da abin da ya gani. Ya ajiye wayar, ya zauna ƙasa kusa da ita. Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba: kada ya karɓi fensir ɗin ya zana mata mota "ta gaske" a kan takardarta. A ajina na sha gani, daga nan sai yaro ya daina, ya riƙa miƙo fensir yana cewa a yi masa.

Yaya Babba: Wannan na ƙarshen na karɓa. "Ya yi kyau" kuwa yana nan. Bari ta tashi daga barci in ce ta ba ni labarin zanen, zan turo muku abin da ta ce.

Goggo: In ta ce ba ta da labari, ka ƙyale ta ta ci gaba da abinta.