Aikin wuta: in ci gaba da koyo da kaina ko in shiga makaranta?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Kurna. Wata huɗu ke nan ina kallon bidiyon aikin lantarki a YouTube, har na sayi tasta da mita a Sabon Gari, na canja soket biyu a gida lafiya lau. Makon jiya na haɗa inbata da batir mai bolt 12, na yi amfani da wayar 2.5 irin ta soket. Ko minti goma ba a yi ba na ji ƙaurin roba, ina taɓawa na ji ta yi laushi kamar taliya. Gabana ya faɗi, don ƙanina na barci dab da wurin. Yayyena, ku ba ni shawara.

Mai wayarin Dakata:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ƙanina. Lissafi ne ya kama ka. Wat shi ne bolt sau amfiya. Dutsen guga mai wat 1000 a wutar gida ta bolt 230, amfiya 4 da 'yan kai yake ja. Wannan wat ɗin a ɓangaren batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80, ina wayar 2.5 ina ɗaukar wannan? Kuma na san ba ka sa fis kusa da batir ba. Bidiyo ba ya tsayawa ya riƙe maka hannu. Ni shekara biyu na yi ina riƙe wa oga tsani da sassaƙa bango kafin ya bari na taɓa akwatin rarraba wuta, kuma har yau ba na kama waya sai na gwada ta, ko da ni na kashe wutar.

Malamin fasaha:
Lissafin kam za ka iya koya a ɗaki, dokar Ohm, wato ƙa'idar da ke nuna alaƙar bolt da amfiya, layi ɗaya ce. Amma babban aiki takarda ake tambaya: shaidar NABTEB (hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa), ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, daga mataki na 3 zuwa na 1. Lasisin wayarin kuma NEMSA, hukumar tarayya mai duba ingancin aikin lantarki, ke bayarwa. Kada ka yar da karatunka, ka dai samu wanda zai duba haɗinka kafin ka kunna.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Fis ɗin kuwa ban sa ba, yanzu na je na cire haɗin gaba ɗaya. Oga na Dakata, in na bar wa ƙanina shago daga azahar, za ka karɓe ni in riƙe tsanin?