Ya dace mugu ya fi jarumi wayo a labari?

Marubuciya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina rubuta wani labari, na kai babi na 9 na tsaya cik. Mugun labarin dillalin albasa ne a Galmi. Kafin a cire albasa yana ba manoma bashi, ba ya fashin suna ko jana'iza, kowa na sa masa albarka. Da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sai ya karɓi bashinsa da buhuna a kan kuɗin ranar, ya zuba a rudu, wato rumbun ajiye albasa, ya jira ta yi tsada ya loda motoci zuwa Ghana. Jarumin saurayi ne da ya yi lakwal, yana son haɗa manoma ƙungiya. Ana gobe taro, dillalin ya je ya biya wa mahaifin yaron bashin asibiti a gaban mutane. Da safe yaro ya kasa buɗe baki don kunya, manoma suka ce an saye shi. Wanda na ba wa labarin ya karanta ya ce in goge, wai mugu bai kamata ya fi jarumi wayo ba. Ni kuwa zuciyata ta ƙi.

Mushe: Wa alaikumus salam ɗiyata. Mai karatun nan ya faɗa miki gaskiya. Shekaru na yi ina koyarwa a nan Tawa, na san yadda yaro yake karatu: wanda ya ci, shi yake so ya zama. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ke kin gina masa rami, kin kuma sa masa tsani ya fita.

Ɗan rediyo: Baba, a gafarce ni, to Gizo fa? Da shi aka yaye mu. Ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, kowacce na ja tana zaton da Gizo take ja, shi yana gefe. Ya yi wa Kura ƙarya ba sau ɗaya ba. Kakanninmu ne suka ba mu wannan da dare, ba mu tashi muka zama macuta ba.

Mushe: Ɗana, ka kawo misalin da ke kāre ni. Gizo ƙanƙane ne, giwa da dorina manya. Muna murna ne don mai rauni ya sha da dabara. Dillalin ɗiyata shi ne giwar, kuma an ƙara masa wayon Gizo. Ina talaka zai sa kansa? Kuma ka manta sau nawa kwaɗayi ke tona wa Gizo asiri har ya gudu ya maƙale a bango.

Ɗan rediyo: Wannan kam na karɓa, akwai bambanci.

Marubuciya: Baba, wannan bambancin ne ya sa na rubuta. Kawuna ya yi noman albasa har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya cinye garkarsa bai taɓa ɗaga masa murya ba, kullum "ɗan'uwa" yake ce masa. Da zan rubuta mugu mai jajayen idanu, mai ƙyaƙyata dariya yana faɗin shirinsa da baki, kawuna ba zai gane mutuminsa a ciki ba. Sai ya rufe littafi yana ganin shi bai taɓa haɗuwa da mugu ba. Ina son wanda aka karanta masa ya ce, "Wallahi haka aka yi mini."

Ɗalibi daga Yamai: Yaya, ni abin da ke ɓata mini rai shi ne marubucin da ke mayar da jarumi wawa don mugunsa ya haska. A bar ƙofa buɗe, a sa hannu a takarda ba a karanta ba. Naki ba haka ba ne. Yaron bai yi wauta ba, tarbiyyarsa aka kama shi da ita. Wane ɗan halak ne zai tsaya gaban jama'a ya zargi wanda ya rufa wa ubansa asiri jiya?

Ɗan rediyo: Nan ne aikin yake, ƙanwata. Mugu mai wayo yana nazarin jarumi fiye da yadda jarumi ya san kansa. Sai dai ki shuka alamu tun da wuri. A babi na 3 a ga dillalin yana tambayar lafiyar tsohon, a babi na 5 a ga yaron dillalin a bakin asibiti. In mai karatu ya waiwaya ya ga komai na gabansa bai lura ba, ya yarda da ke. In daga sama ya faɗo, sai a ce marubuciya ce ta taya shi.

Mushe: Har yanzu ban sauka daga maganata ba. Amma in dai sai ya ci, kada ki bar mu a falonsa yana shan shayi. Ki kai mu gidan matar da ta sayar da akuyarta, ki kai mu garkar da ta bushe. Yaro ya ga abin da wayon ya ci.

Marubuciya: Babi na 10 ke nan, Baba. Yana farawa da saurayin zaune a zauren mahaifinsa, kwana uku bai fita ba, mahaifin kuma bai san me ya yi ba.

Mushe: Turo mini na 9 da na 10 in karanta bayan isha'i. Gobe in Allah ya kai mu zan faɗa miki ko na canza.