Sabuwar wuƙata ƙirar Opinel ta fara tsatsa, mi ne ne magani?

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na samu Opinel lamba 8 daga Yamai, mai baƙin ƙarfe wadda aka rubuta Carbone a jikinta, kaifi kam ba a magana har gashin hannu take askewa, kuma zoben nan da ake murzawa ya kulle ta ya burge ni. Amma na yanka lemun tsami da ita, washegari sai ga jan tsatsa. Ko jabu ce?

Baban Hadiza:
Wa alaikumus salam. Ba jabu ba ce ƙanena, halin ƙarfen karbon ke nan, ba ya son ruwa da tsami. Goge ta da toka, ka shanya ka shafa ɗan mai. Kada ka jiƙa ƙotar fa, icce ne, in ya kumbura buɗewa sai da wahala.

Na Katako:
Ni wallahi ta maƙeranmu nake so, satin nan na karɓo wadda aka ƙera da ƙarfen rasor na mota, da kubenta na jar fata, tana da nauyi a hannu kuma dutsen washi kaɗan ya ishe ta, ita zan yi fiɗa da ita ranar layya in sha Allah.

Ɗan Tawa:
Na gode yaya, yau zan gwada tokar. Na Katako turo hoton kuben mu gani.