Sati bakwai da buɗe shafina, Google bai san da zamansa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka, kaina ya ɗaure. Wata uku na shafe ina gina shafin intanet mai shafuka 42, na sauya launi sau huɗu, tambari sau biyu, sai da kowane hoto ya zauna daidai a waya. A adireshin gwaji na fara gina shi, daga baya na kwashe shi zuwa na dindindin. Yanzu ko sunansa na rubuta a Google ba ya fitowa. Na zuba kalmomi sama da 60 a meta keywords (ɓoyayyen jerin kalmomin bincike) na kowane shafi, na kuma biya wata manhaja da ta ce za ta kai shi injinan bincike 500. Me kuma ya rage?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin launi amma ba ka faɗi da me ka gina shafin ba. Fara rubuta site: haɗe da adireshinka a Google, ba tazara. In bai kawo komai ba, ba maganar matsayi ake ba tukuna, ba a ma shigar da kai rumbunsu ba. Sai ka buɗe adireshinka/robots.txt, fayil ɗin da ke faɗa wa injinan bincike inda za su shiga da inda ba za su shiga ba. In ka ga Disallow: / ita kaɗai, ka kulle ƙofa da hannunka. Sannan ka buɗe lambobin shafin farko ka nemi noindex, umarnin da ke cewa kada a shigar da shafin rumbun bincike. Wanda ya kwaso shafi daga wurin gwaji yawanci nan yake faɗawa: a WordPress akwai akwati a Settings, ƙarƙashin Reading, da ke roƙon injinan bincike su ƙyale shafin. Ana danna shi lokacin gwaji, a manta a cire.

Mai tambaya: WordPress ne, Yallaɓai. Amma ban taɓa wannan akwatin ba, na tabbata.

Tsohon hannu: Ba tabbacinka nake nema ba, duba. In babu komai, yi rajista a Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, ka tabbatar da mallaka ta hanyar saka TXT (layin shaida da Google zai ba ka) a DNS, wato saitin adireshinka, domin shi ke haɗa www da mara www, http da https, wuri guda. Ka miƙa taswirar shafi, wato fayil mai jerin adiresoshin shafukanka. Tun WordPress 5.5 a 2020 tana fitowa da kanta a /wp-sitemap.xml. Iyakar fayil ɗaya adireshi 50,000 ne, kai da 42 ba ka da damuwa.

Mai gyaran shafuka: Abin da ke ba ni haushi masu manhajar "injina 500" ɗin nan ne. Su lissafa mana goma da mutane ke amfani da su in sun isa. Shara kawai suke cika wa mutum imel da ita. Ɗan'uwa, in ka gama da Google, Bing Webmaster Tools, makamancin Search Console na injin bincike na Bing, yana iya kwaso shafinka kai tsaye daga Search Console. Ka kunna IndexNow ma, hanyar sanar da injinan bincike sabon shafi nan take. Kuma kullum ka riƙa danna Request Indexing (maɓallin roƙon a shigar da shafi a Search Console) a kowane shafi har su gaji su ɗauka.

Tsohon hannu: IndexNow na Bing ne da Yandex tun 2021, Google ba ya amfani da shi. Maimaita roƙo kuma ba ya ƙara sauri, adadin da aka ba ka a rana kawai za ka ƙone. Sau ɗaya ya isa.

Wata memba: Duk kun tafi ga makulli kun bar kayan ɗaki. Malam, rubutun shafukan naka ne ko kwafowa ka yi? In Search Console ya nuna an ziyarci shafin amma ba a shigar da shi ba, sau da yawa rubutun ne bai bambanta da na wasu ba, ko layi uku ne kawai. Kowane shafi kuma yana buƙatar take da taƙaitaccen bayani nasa na kansa.

Mai tambaya: Hajiya, bayanin kaya daga masu ƙera su na ɗauko, ai kowa haka yake yi. Kalmomin keywords kuwa kwana huɗu na yi ina tattara su, ba zan goge ba.

Tsohon hannu: Bar su ko ka goge, duk ɗaya. Tun 2009 Google ya sanar ba ya duba su wajen jera sakamako. Abin da ya fi damuna canonical ne, alamar da ke nuna adireshin asali na shafi. In har yanzu yana nuni ga adireshin gwaji, kana faɗa wa Google cewa naka kwafi ne, asalin yana can. Tsohon adireshin yana nan a buɗe? In yana nan, juya shi zuwa sabon da 301, wato turawa ta dindindin.

Mai tambaya: Yana nan, na bar shi ne saboda ko wani abu zai lalace. Ba na son taɓa shi yanzu. Babu wata manhaja da za ta yi duk wannan da dannawa ɗaya?

Mai gyaran shafuka: Turo hoton robots.txt ɗin mu gani tukuna.