Kawuna ba ya salla, amma ya fi mu tsoron haƙƙi

Ɗan Ader, Tahoua:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ba ta fada ba ce, kafin a zuba shayi na biyu an kafirta ka, shi ya sa na kawo ta nan. Kawuna, ƙanen innata, yana cikin waɗanda suka tafi karatu Masko zamanin Tarayyar Sobiyet. Aikin ruwa ya karanto, ya yi shekaru a Keita cikin aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984, yanzu ya yi ritaya. Ba ya salla, ba ya azumi, kuma cikin gida ba ya ɓoye ra'ayinsa: wai babu komai sai abin da ake iya aunawa, tunani aikin ƙwaƙwalwa ne, ranar da ta tsaya magana ta ƙare.

To amma mutumin nan dala ɗaya ta wani ba ya ci. Takardar maganin maƙwabta a hannunsa take ƙarewa. Kowane marece yana fita bayan gari ya zauna ƙarƙashin wani gawo har duhu ya shiga, ba rediyo, ba waya. Na bi shi wata rana na ce, Kawu, me kake yi nan? Ya ce yana sauraren ƙanƙantarsa. Da ruwan farko ya sauka bana, na ga hawaye a idonsa. Ni mai salla biyar ne, alhamdu lillahi, amma sau nawa nake sallame salla ban san surar da na karanta ba? Tambayata: abin da ke zuciyar wannan tsoho, rayuwar ruhi ce ko mene ne? Wanda ya ce babu ruhi yana iya samunta?

Abu Hafsat, Lazaret:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ra'ayin kawunka ya girmi Masko. Dubi Suratul Jasiya aya ta 24, masu cewa rayuwa ita ce ta duniya kawai, babu mai halaka su sai zamani. Malamai na kiransu Dahriyya, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi musu raddi. Natsuwar da kake gani fiɗira ce, wadda Allah ya halicci kowa a kanta, tana motsi ko mai ita ya ƙi. Amma aiki ba tare da imani ba, Suratun Nur aya ta 39 ta kwatanta shi da ƙawalwalniya. Wannan ba ya hana ka zumunci. Ka gaishe shi, ka yi masa hidima, ka roƙa masa shiriya, ba ka san da me zai cika ba.

Malamar falsafa, Yamai:
Allah gafarta malam, ka amsa maganar lahira, shi kuwa yaron nan abin da ke faruwa ƙarƙashin gawo ya tambaya. Duk shekara ina wannan muhawara da ƴan ajin bak, wato masu shirin jarabawar ƙarshen sakandare. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, ya yi shakka kan addinai a fili, amma ya rayu cikin gudun duniya, ya bar nama, madara ma da zuma ya ƙi don kada ya zalunci dabba. Mabiya Buda kuma sun fi shekara 2000 suna horon zuciya ba tare da batun mahalicci ba. A Faransa, André Comte-Sponville ya rubuta littafi guda a 2006 a kan haka, shi da bai yarda da Allah ba. Hujjarsu: mamakin kasancewar duniya, yin shiru, jin kai ɗan ƙarami ne cikin abin da ba ya da iyaka, duk waɗannan suna samun mutum ko ya kira su ibada ko bai kira ba. Ni musulma ce, na ɗauki abin a matsayin ƙofa da bai ƙarasa shiga ba. Shi zai ce ɗakin ke nan gaba ɗaya. Amma in ce ba ya jin komai, ƙarya na yi.

Bakonne:
Ni gargaɗi na zo yi. Ka rage bayani, Tahoua ba ta da girman da za a kasa gane wanda ya karanto ruwa a Masko. Mubarak Bala na Kano, wanda ya bar addini, an kama shi a 2020 bisa zargin ɓatanci, aka yanke masa shekara 24 a 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Ko ba kotu, bakin unguwa ya isa. Sannan kada wani ya haɗa kawunka da Azna, masu addinin gargajiya. Namu na Massalata kusa da Konni sun yarda da Allah, sun yarda da iskoki har sun yi yawa. Su ne kawunka zai fi ba mamaki.

Ɗan Ader, Tahoua:
Na gode duka. Bakonne, kada ka damu, na sauya wasu abubuwa tun farko. Malam, addu'a kam ina yi, inna ma kullum. Sai dai fiɗirar nan na taɓa kawo masa ita, ya yi dariya ya ce, ku in mutum ya yi kirki sai ku ce naku ne bai sani ba. Ban sami abin ce masa ba, kuma har yau ina ganin akwai ƴar gaskiya ciki, muna saurin ƙwace kirkin mutane mu sa a asusunmu.

Abin da ke gabanmu yanzu ya fi wannan zafi. Yana da ciwon suga, ƙafa ta fara ba da matsala. Ya ce wa inna in ta faru a yi yadda aka saba, gawa ba ta da ra'ayi, sallar ta masu rai ce. Inna ta kama wannan ta riƙe. Babban ɗansa kuwa ya ce ba zai tsaya a sahu ba. Malam Abu Hafsat, a nan me littafi ya ce?