Mai cewa "ban sani ba" da mai cewa "babu Allah", duk ɗaya ne?

Malam Isuhu: Ni maganata ba ta canza ba. Wanda ya ce bai san ko akwai Allah ko babu ba, da wanda ya fito fili ya ce babu, duk kanwar ja ce. Wannan ba ya salla, wancan ma ba ya yi. Ba mai roƙo a cikinsu, ba mai tsoron hisabi. To ina bambancin?

Halima: Malam, Allah ya ƙara sani, amma bambancin yana nan. Mai cewa babu ya yanke hukunci, shi ya sa za ka tambaye shi hujjarsa. Ɗayan cewa yake hujjojin ba su kai shi ko'ina ba. Thomas Huxley, masanin halittu na Ingila da ya raɗa wa wannan matsayi sunan "agnostic" a 1869, ƙin yarda ya yi a haɗa shi da masu musun Allah, don a ganinsa su ma suna da'awar sanin abin da ba su sani ba.

Bashir: Yaya Halima, a nan ina bayan Malam. Bertrand Russell, masanin falsafa na Birtaniya, da kansa, a wani rubutu nasa, ya ce in yana gaban masana falsafa zai kira kansa mai cewa bai sani ba, tunda ba zai iya tabbatar da babu ba, amma ga mutumin kan titi gara ya ce shi bai yarda da Allah ba kawai. Kin ga mutum ɗaya ya zauna a wuri biyu.

Halima: Wannan ai ni ya taimaka wa. Da abu ɗaya ne, me zai sa ya tsaya zaɓe? Tambaya biyu ce: me ka sani, kuma me ka gaskata.

Malam Ɗahiru: Malamanmu sun riga su rarrabe wannan. Dahriyya su ne waɗanda Suratul Jasiya, aya ta 24, ta kawo maganarsu, cewa ba abin da ke halaka su sai zamani. Su ko La'adriyya, masu shakkar komai, malamin aƙida Taftazani ya ware su daban a sharhinsa na Aƙidar Nasafi. A hukunci, gaskiyarka Malam Isuhu, imani ba ya tsayuwa a kan shakka, duka biyun suna waje. Amma ciwon ba ɗaya ba ne. Imamu Gazali ya ba da labarin kansa a littafinsa Munƙizu, cewa ya yi kusan wata biyu yana shakkar hatta abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa, kuma ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Da an haɗa shi da Dahriyya a wannan lokacin, an zalunce shi.

Malam Isuhu: Gazali neman mafita yake, Malam. Na yanzu sun mayar da shakkar wurin zama, har suna alfahari da ita.

Yohanna: Ku ba ni dama in sa baki daga ɓangarenmu na Kiristoci. A Linjilar Markus 9:24, mahaifin yaro marar lafiya ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, a lokaci guda yana roƙon a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ba a kore shi ba, an warkar masa da ɗa.

Malam Ɗahiru: Na yarda akwai masu zama a kan shakkar. Amma ta ina za ka gane su in ba ka saurara ba? Ɗalibi ya taɓa samuna bayan karatun magariba, ya jira kowa ya watse, yana ta murza hularsa a hannu, ya ce tambayoyi sun hana shi barci kuma yana tsoron faɗa a gida. Da na ce masa shi da mulhidi, mai musun Allah, ɗaya ne, na rufe masa ƙofa da hannuna.

Malam Isuhu: To me ka ce masa?

Malam Ɗahiru: Na ce ya kawo tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko a kan wahalar ƙananan yara ce, kuma har yau muna kanta.